Tarun salmon da namu tarun: wa ke da ikon rufe ruwa?

Malamin Runjin Sambo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da la'asar na tsaya Kwalkwalawa zan sayi kifi, wani yaro ya buɗe mini kwano. 'Ya'yan gargaza ne da kawara, babu ko ɗaya da ya kai tsawon ɗan yatsana na tsakiya. Na ce da me aka kama, ya ce da gidan sauro. Na saya don yaron ya ba ni tausayi, amma har na iso gida raina a ɓace yake.

Shi ya sa nake so mu tattauna wani abu da na daɗe ina karantarwa. A jihar Alaska ta Amurka akwai wani lungun teku da ake kira Biristol Be, inda ake kama kifin salmon da taru don sayarwa. Wannan kifi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai. Masunta suna tare shi a bakin teku lokacin komowar, watan Yuni da Yuli. A shekarar 2022 kifi kusan miliyan 79 ya komo wurin, aka kama kusan miliyan 60, kuma ruwan bai mutu ba. Sirrin shi ne, kafin a ce wa kowa ya jefa taru, sai an ƙayyade yawan kifin da dole ya wuce ya shiga kowane kogi. Akwai hasumiyoyi a gaɓar koguna, ma'aikaci yana zaune sama yana ƙirga kifin da ke wucewa na minti goma a kowace awa, a ninka sau shida. In adadin ya yi ƙasa, hukumar kifi ta jihar ta sanar a rediyo cewa an rufe ruwa. In ya cika, a buɗe na wasu awoyi. Jirgin su ba ya wuce ƙafa 32 a tsawo, tarun da ake saki ya bi ruwa ba ya wuce gaba 150, wanda ake kafewa a gaɓa kuma gaba 50. Tambayata: me zai hana mu yi irin wannan a Rima, mu fara da rabon ruwa kafin rabon mutum?

Ɗan Goronyo: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ina Alaska ina Rima? Mutanen da ke da jiragen sama suna leƙen kifi daga bisa. Mu ko man babur ma'aikacin kifi ba ya samu ya je ya duba ruwa.

Malamin Runjin Sambo: Ƙanena, su ma ba da wayo suka fara ba. Kamfanonin kifin gwangwani sun kafa manyan tarkuna a bakin koguna suna kwashe komai, har kifi ya yi ƙarancin da a 1953 gwamnatin Amurka ta ayyana wasu yankunan a matsayin inda bala'i ya afka wa. Da Alaska ta zama jiha a 1959, hana waɗannan tarkuna na cikin abubuwan farko da suka yi. Sai da suka ga uwar bari.

Basarken Wurno: Salamu alaikum. Ni ban yi boko ba, ɗana na ka rubuta abin da ni ka hwaɗi. Malam, wagga magana da kac ce ta Turawa ta, mu mun tashi mun iske ta gidanmu. Zamanin babana, in Sarkin Ruwa yac ce an ɗaure wanga gurbi, ko yaro ba ya sa ƙugiya ciki sai ranar da anka kwance. In ruwa ya hau hwadama, kihi ya shiga ciyawa shina ƙwai, ba mu bi nai. Wanda anka kama ya saɓa, a amshe taru nai a ƙone gaban jama'a, kuma kunyar ta hi tarun ciwo. Ba mu da hasumiya, amma tsoho in ya dubi launin ruwa ya san mi ka ciki. Idon taru da yatsa mu ka auna shi, yatsa ukku, yatsa huɗu. Yanzu yatsa guda ba ya shiga. Da muna tada giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama, yauni da balli kau ba a maganassu. Shekara nawa rabona da ganin yauni babba, ban iya tunawa.

Bakabe: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shaidar maganarsa tana Argungu har gobe. Matan Fada, gurbin da ake bikin kamun kifi, a rufe take shekara guda cur, ba mai shiga sai ranar bikin, kuma ranar ma da homa da gora ake shiga, a yi kamar awa guda a fito. Tun 1934 ake bikin, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk manyan kifayen da kuke gani ana ɗorawa a sikeli, hutun da aka ba ruwan ne ya raine su.

Hajiya Mai Banda: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni shekara ashirin da wani abu ina banda, ina kai wa Tsohuwar Kasuwa. Duk wanda ya ce a rufe ruwa, ya faɗa mini me zan sa a tukunya watannin rufewar. Marayu huɗu ke hannuna. Kifin nan ƙanana da Malam ya gani, ni ma ina saye, in shanya, in auna a gwangwani, kuma shi ne kifin da talaka ke iya sa wa miya. Na san ɓarna ce, ba sai an gaya mini ba, don da idona na ga yadda tarwaɗa ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Da guda shida ke cika mini waya a kan murhu, yanzu sai na jera ashirin. Amma yunwa ba ta jiran kifi ya girma.

Basakkwacen Ailan: Hajiya, maganarki ita ce ta tada ƙura a nan ƙasar da nake zaune. Ailan ta hana tarun salmon mai bin ruwa a teku daga shekarar 2007. Gwamnati ta ware Yuro miliyan 30, mafi yawa don biyan masuntan da suka yarda su ajiye lasisinsu har abada, sauran don garuruwansu. Wasu sun karɓa. Wasu, musamman mutanen ƙananan tsibirai na yankin Donigal, suka ƙi, suka ce ba za su sayar da gadon 'ya'yansu ba. Akwai wani dattijo da muke gaisawa a wurin aiki, ɗan masunta ne, ya ce mini kuɗin sun ƙare cikin 'yan shekaru, jirgin ubansa kuma ya ruɓe a gaɓa. Da yake faɗa sai da idonsa ya kawo ruwa.

Amma ku ji dalilin hanin, don shi ne ya fi kama da namu. A teku, kifin koguna da yawa a gauraye yake tafiya. Mai taru a can ba ya iya sanin wanda ya kama na kogin da ke da yalwa ne ko na ɗan ƙaramin kogin da ya rage masa 'yan ɗaruruwa. Har kifin da ke kan hanyar komawa Ingila da Faransa yana faɗawa tarun mutanen Ailan. Shi ya sa Sikotilan ta hana irin wannan taru tun 1962, Nowe ta bi a 1989, kuma a 2016 Sikotilan ta ƙara da hana riƙe duk salmon ɗin da aka kama a ruwan gaɓar tekunta. Yanzu a Ailan kogi-kogi ake bi. Kowace shekara a duba, a ce wannan a buɗe yake, wannan a kama a saki, wannan a rufe. Kuma duk salmon ɗin da ka riƙe sai ka zura masa wata 'yar alamar roba mai lamba ta baki ta fito ta kunne, ka rubuta a littafi. In aka same ka da kifi babu alama, kai da kotu.

Basarken Wurno: Ɗana na Turai, ka taɓo inda ka yi man ƙaiƙayi. Wanga da kac ce, shi na dumba. Mutum guda mai kuɗɗi shi zo shi gitta gura, tarkunan kihi, daga wagga gaɓa har waccan, daidai bakin da kihi ka bi shi hau hwadama, ko sa'ad da shi ka komowa in ruwa ya hwara janyewa. Kihin da ya kamata shi kai ga garuruwa goma na bisa, shi ɗai ka kwashe shi, uwa da ɗiya. Mu masu kalli da birgi mu wuni cikin ruwa mu komo da abin da bai cika ƙwarya ba. In dai za a hana wani abu, a hwara da wanga.

Ɗalibar Dundaye: Assalamu alaikum iyayena. Ina karatun kiwon kifi a jami'a, ina da tambaya ga Malam. Salmon iri ɗaya ne, yana bin hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, cikin ruwa garau da ake ganin ƙasansa. Rima da damina ja take wur kamar kunun kanwa, ko hannunka ka tsoma ba ka gani. Kifayenmu kuma iri-iri ne, tarwaɗa, gargaza, kurungu, ragon ruwa, kowanne da lokacinsa da inda yake ƙwai. Wa zai hau hasumiya ya ƙirga wannan?

Malamin Runjin Sambo: Madalla 'yata, tambayar da nake jira ke nan. Gaskiyarki, ƙirga irin tasu ba za ta yiwu a nan ba, ko da yake su ma a kogunan da ruwansu ya yi duhu na'urar da ke aiki da sauti suke sawa. Hasumiyar dai kayan aiki ce. Abin da nake so mu ɗauka shi ne tsarin: iri ya fara wucewa, sannan mutum ya ɗiba. Manomi ba ya ƙirga ƙwayar gero, amma ya san damin da ba a taɓawa ko yunwa ta kai ina. Mu namu ma'aunin yana kan teburin Hajiya. In an auna tsawon tarwaɗar da ake kawowa kasuwa kowane mako aka rubuta, shekara biyu ta isa a gane ko ruwa na farfaɗowa ko yana mutuwa. Sannan lokacin ƙwai ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san da hawan ruwa ne, Yuli zuwa Satumba.

Kuma doka muna da ita. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba, ta hana nakiya, ta hana lantarki, ta kuma sa ƙa'idar idon taru milimita 76, wato inci uku. Ta teku kuma ta hana manyan jiragen da ke jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, don a bar wa masu kwalekwale. A takarda ba mu da laifi.

Ɗan Goronyo: To ai shi ne, Malam. A takarda. Bara da idona na ga wani da aka turo ya duba taruna, ya tsaya bakin ruwa, aka cika masa leda da kifi, ya hau babur ya juya. Ko idon taru ɗaya bai auna ba. Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin cikin tafki kuwa kowa ya san su, da safe za ka ga kifi ya yi fari fat a saman ruwa har da kwaɗi, shanu kuma a nan za su sha. Sannan ku daina ɗora wa masunci komai. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978 da na Goronyo a 1984, ruwan da ke malala fadama ba kamar da ba ne. Wata shekara a riƙe shi lokacin da kifi ke son hawa, wata shekara a sake shi gaba ɗaya ya cinye gonaki. Kifin da bai samu ciyawar da zai yi ƙwai ba, ko ka ƙone duk tarunan Sakkwato ba zai yawaita ba.

Basakkwacen Ailan: Wannan ma gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ba: hana taru a nan bai dawo da salmon yadda aka yi fata ba. Kifin yana fita teku amma kaɗan ke komowa. Ana danganta abin da ɗumamar ruwa, da ƙazantar koguna, da shingaye, da wata ƙwarƙwatar ruwa da ke yaɗuwa daga kejin da ake kiwon salmon a teku. A ƙarshen 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa salmon na Atilantika cikin masu dab da shiga haɗari, ta ce ya ragu da kashi 23 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2020. Masunta a nan suna cewa su aka fara yankewa don su ne marasa ƙarfi. A Amurka kuma, dam ɗin Giran Kuli ya toshe wa salmon hanyar saman kogin Kolombiya ɗungurungum, amma da aka gama rushe damdamai huɗu a kogin Kilamat a 2024, cikin shekarar aka ga kifi ya haura inda ya yi fiye da shekara ɗari bai taka ba.

Bakabe: Kada dai wani ya fahimci ana cewa a rushe Goronyo. Ruwan shan birni da noman rani duk a kansa suke.

Ɗan Goronyo: A'a yayana, ba wanda ya ce haka. Cewa nake a riƙa shawara da masunta kafin a buɗe ko a rufe, kamar yadda ake jin ta bakin manoman shinkafa.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Na goge saƙo guda da aka ambaci sunan mutum. A faɗi laifi, a bar suna.

Hajiya Mai Banda: Malam, har yanzu ba ka ba ni amsa ba. Kuma akwai abin da na ji ana cewa, wai a can ba kowa ke da izinin shiga ruwa ba, sai mai takarda. In aka kawo wannan nan, wallahi Alhazan birni za su saye takardun, su Baba su koma 'yan ƙwadago a ruwan kakanninsu.

Malamin Runjin Sambo: Hajiya, kin harbi inda ya dace, kuma ba zan kare su a nan ba. A 1973 Alaska ta ƙayyade yawan lasisi. Na masu tarun bin ruwa a Biristol Be bai kai 1,900 ba, kuma ba a ƙarawa, sai dai ka saya a hannun wani ko ka gada. Farashinsa ya sha wuce dala dubu 100. Abin da ya biyo baya shi ne abin da kike tsoro: shekarar da kifi ya yi ƙaranci ko farashi ya faɗi, mutanen ƙauyukan wurin, waɗanda yawancinsu 'yan asalin ƙasar ne, suka riƙa sayarwa don biyan bashi, lasisi masu yawa suka koma hannun mutanen birane da na wasu jihohi. Yaro ya tashi a bakin ruwa yana kallon baƙi suna kama kifin ƙofar gidansu. Kifin ya tsira, amma garuruwa da yawa sun yi asara. Wannan ɓangaren ban so mu kwaikwaya ko kaɗan. In za a yi rajista a nan, ta zama ta gari, a hannun Sarkin Ruwa da hakimi, wadda ba a sayarwa.

Abu ɗaya da suka yi daidai: dokarsu ta fifita mai kamawa don ci a gida a kan mai kamawa don sayarwa idan kifi ya yi kaɗan. Don haka rufewar da nake nufi ba ta shafi mai ƙugiya ko mai birgi da ke neman na miya ba. Dumba, da taru mai ƙaramin ido, da gidan sauro, da guba, su nake nufi. Batun watannin rufewa kuwa, ai sun faɗo daidai lokacin noma, kuma yawancin masuntanmu manoma ne. Ke ce mai banda abin zai fi taɓawa, ban kuma da amsar da za ta cika miki tukunya a shekarar farko. Abin da zan iya cewa, tarwaɗar da aka bari ta ƙara wata uku tana ninka nauyinta, kuma ke za a kawo wa.

Hajiya Mai Banda: Na ji, kuma na gode da ba ka yi mini daɗin baki ba. In da za a samu masu tafkin kiwo su riƙa ba mu tarwaɗa bashi a watannin, mu biya bayan mun sayar, da sauƙi. Yanzu ma rabin abin da nake bandawa na kiwo ne, sai dai masu saye suna ganewa, suna cewa na gulbi ya fi zaƙi.

Bakabe: A tafkin Kainji an gwada hana dala, tarun nan da ake ja zuwa gaɓa, a ƙarshen shekarun 1990, da haɗin kan sarakuna da Sarakunan Ruwa. Mutanen Yawuri za su ba ku labari. Inda masu gari suka tsaya abin ya yi tasiri, da aka yi sakaci kuma ya dawo.

Basarken Wurno: To ku ji ta bakin tsoho. Sarkin Ruwa na yanzu ba shi da sanda. In ya amshe tarun mutum, gobe a kira shi ohis a ce wa yab ba ka iko. In an so gyara, hukuma ta rubuta ta ce abin da Sarkin Ruwa yaɗ ɗaure ya ɗauru, kuma ta tsaya baya nai. Sannan garuruwan da ka shan ruwa guda su zamna wuri guda, don in mu mun ɗaure na ƙasa ba su ɗaure ba, mun yi ma wasu kiwo na. Ni na yarda in aje kallina wata ukku. Amma ban aje shi ina kallon dumba tana tsaye.

Ɗalibar Dundaye: Baba, in ka yarda zan so in zo in ga wurin da ake gitta dumbar, in kuma auna idon tarunan da ake aiki da su, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Inna Hajiya, ke kuma in ba damuwa zan kawo miki ma'auni da littafi, duk ranar da aka kawo kifin gulbi a auna guda goma na farko a rubuta. Ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai, na ga ya fi in yi a kan wannan.

Hajiya Mai Banda: Ki zo 'yata, amma da sassafe, kafin ƙarfe takwas an gama rabon kifi. Jikata tana aji biyar, ita za ta riƙa rubutawa. Ki zo da littafi mai bangon roba, wurin namu duk hayaƙi ne da ruwa.

Basarken Wurno: Ɗiyata ki bari sai ruwa ya hwara janyewa, bayan kaka, sa'annan a ka gitta ta. Ki taho da wani namiji cikin 'yan ajinku, ɗana shi ɗauke ku da jirgi.